Wayar Ƙasa da Tsaron Rai a Makewayi

Haƙiƙa babu wani ɗaki a gida da ruwa da ƙarfe da wutar lantarki suke taruwa a cikinsa kamar makewayi, inda mutum yake tsayawa ba takalmi, jikinsa a jiƙe. Busasshiyar fata takan tare wuta gwargwadon hali, amma da zarar ta jiƙe sai kariyarta ta yi rauni ƙwarai, har wutar gida mai ƙarfin bolt 230 ta sami damar ratsa ƙirji ta rikita bugun zuciya.

Sau da yawa sababin musibar shi ne hitar ruwa, domin idan ƙarfen da ke dafa ruwa a cikinta ya tsage saboda tsufa ko tsatsa, wuta takan zubo a gangar jikinta, ta bi bututun ƙarfe har kan famfo da shawa, ta zauna jiran hannun da zai ba ta hanyar sauka ƙasa.

Masana sun gina tsaron a kan rukunai uku. Na farko wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, wadda ke tashi daga jikin hita ta ƙare a sandar tagulla da aka kafa cikin ƙasa. Na biyu a ɗaure dukkan ƙarafan makewayin, bututu da famfo da maratayin tawul, da waya mai kauri, ta yadda ko wuta ta ɓalle, babu bambancin ƙarfi tsakanin abin da hannun dama ya riƙe da wanda na hagu ya dafa, kasancewar wannan bambanci shi ne yake tura wuta cikin jiki. Na uku na'urar RCD, wadda ke yanke wuta nan take idan miliamfiya 30 ta kauce hanya.

Ya kamata a lura cewa ƙasa takan bushe da rani ta rage karɓar wuta, shi ya sa masu gyara suke zuba gawayi da gishiri a ramin sandar, alhali gishirin yana cin ƙarfen sannu a hankali. Saboda haka wajibi ne a riƙa gwada sandar lokaci zuwa lokaci.

Duk wanda ya ji famfo ya ɗan ja shi, to, ya kashe babban makunnin gida ya kira ƙwararre kafin kowa ya sake shiga, domin malaman usulu sun lissafa kiyaye rai cikin larurori biyar na shari'a, kuma ɗaukar sababi bai saɓa wa tawakkali ba.