Gwaji Kafin Gini: Tasirinsa ga Ingancin Tsarin Manhajar Kwamfuta

A bisa al'ada, mai rubuta manhaja yakan gama aikinsa tukuna, sa'an nan ya gwada shi. Akwai kuwa wata hanya wadda ta sa gwaji a gaba, wadda wani masani ɗan Amurka, Kent Beck, ya bayyana a littafinsa na shekarar 2002. Matakanta uku ne. Da farko a rubuta ɗan gajeren gwaji mai faɗin abin da ake son manhaja ta yi. Gwajin zai fāɗi, domin ba a gina kome ba tukuna. Na biyu, a rubuta gwargwadon abin da zai sa a ci gwajin, ba ƙari. Na uku, a tsabtace rubutun ba tare da an sauya aikinsa ba. Daga nan sai a sake zagayowa.

Alal misali, a ce za a yi wa manoman Rano da Kibiya manhajar lissafin zakkar hatsi. Hukuncin sananne ne. Nisabi sa'i 300 ne. Abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ushirinsa, watau ɗaya bisa goma. Wanda kuwa aka shayar da wahala, kamar da injin ban-ruwa, rabin ushiri ne. Gwaji na farko sai ya ce: sa'i 299 na dawa, babu zakka. Na biyu: sa'i 300 na damina, a fitar da 30. Na uku: sa'i 300 na ban-ruwa da inji, a fitar da 15. Kuskure a nan ba ƙaramin abu ba ne, domin ko dai a tauye hakkin miskini, ko a ɗora wa manomi abin da shari'a ba ta ɗora masa ba.

To, ina ruwan wannan da tsari? Amsa ita ce, gwajin ba zai yi sauƙi ba sai lissafin ya tsaya da ƙafarsa. In an cakuɗa shi da allon da ake shigar da suna, ko da ma'ajiyar bayanai, to kowane gwaji sai ya jawo su duka. Saboda haka dole mai rubutu ya ware lissafi gefe guda, allo gefe guda. Ranar da aka so a ƙara zakkar dabbobi, sai a ƙara sabon sashe, tsofaffin gwaje-gwajen kuwa su yi gadin abin da ya gabata.

Bincike ya tabbatar da wani ɓangare na wannan da'awa. A 2008 Nagappan da abokansa suka nazarci rukunin ma'aikata uku a Microsoft da ɗaya a IBM, suka ga kurakurai sun ragu da kashi 40 zuwa 90 cikin ɗari, amma lokacin aiki ya ƙaru da kashi 15 zuwa 35. A shekarar kuma, Janzen da Saiedian suka ga sassan manhaja sukan fito ƙanana marasa sarƙaƙiya, amma ba su sami hujja bayyananna ba cewa dogaron sassan da juna ya ragu. A 2014 David Heinemeier Hansson ya yi suka, ya ce yawan tsattsaga manhaja domin gwaji kawai yana iya ɓata tsarinta.

Abin lura shi ne, gwaji yana tsare abin da aka gaya masa ne kurum. In wanda ya rubuta shi ya ɗauka nisabi sa'i 200 ne, manhaja za ta ci gwaji alhali tana kan ɓata. Don haka ma'aikacin gwamnati da zai karɓi manhaja daga ɗan kwangila, ya kamata ya nemi a miƙa masa gwaje-gwajenta tare da ita, ya kuma sa masanin fannin ya duba su ɗaya bayan ɗaya.