Sunayen Garuruwan Borno Da Asalinsu

Tun da aka yi shelar sauya wa Jami'ar Maiduguri suna zuwa na marigayi Muhammadu Buhari a watan Yuli na 2025, muhawara ta kaure a kan cancantar mamacin, Allah ya jiƙansa, alhali kuwa mas'alar da ta fi wannan nauyi, wato tarihin da ke ƙunshe cikin sunan wuri, ba ta sami masu ɗaga ta ba sai ƙalilan.

Maiduguri dai tsohon ƙauye ne da ya riga Yerwa, inda Shehu Abubakar Garbai ya tare a 1907. Kukawa kuwa, wadda Shehu al-Kanemi ya kafa a 1814, daga itacen kuka ta sami sunanta. Wannan mashahuri ne, ba sai mun tsawaita ba.

Abin da aka yi wa riƙon sakainar kashi shi ne sunayen da suka girmi zuwan Barebari. Kafin Mai Ali Gaji ya gina Birnin Ngazargamu a ƙarni na 15, Sao ne ma'abota gewayen Tafkin Cadi, su ne Imam Ahmad ibn Furtu ya rubuta yaƙe-yaƙen Mai Idris Alauma da su, kuma har yau Kotoko, waɗanda harshensu dangin Hausa ne, suna jingina nasabarsu gare su. Mutum nawa a cikinmu ya taɓa tahƙiƙin sunan Ngala da maƙwabtanta? Malaman lugga na Turai, duk da ba su gaji ko shafi guda na harshen kakannin Keltawa ba, sun yi ta gwama harsunan Ayilan da Weles da tsofaffin rubuce-rubucen Gol, har suka tono kalmar "dunon", wato gari mai ganuwa, suka same ta kwance cikin Lugdunum, wadda ita ce Liyon ta Faransa a yau. Irin wannan tafarki Paul Newman da Roxana Ma suka bi a 1966 wajen nazarin harsunan Cadi, ashe ke nan usulin aikin yana hannu.

Sai dai fitinar da ta kunno a 2009 ta watsa ƙauyuka, dattawan da ke riƙe da riwayar sunayensu kuma suna ta ƙarewa a gudun hijira. Wajibi ne Gwamnatin Borno da malaman harsunanmu su bar jinkiri, su tura ɗalibai da na'urar ɗaukar murya wurin waɗanda suka rage, a rubuta kowane suna yadda masu shi ke furta shi, ba yadda taswirar Turawa ta karkatar da shi ba.