Raba Faɗa Daban, Sulhu Daban

Masu magana sun ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, balle mu da kullum hannunmu na cikin kuɗin mutane.

Yaranmu na yanzu sun haɗe kalmomin nan wuri guda, alhali kowace da aikinta. Raba faɗa shi ne a riƙe sanda kafin ta sauka, ko yaro na iya yi. Shiga tsakani kuwa aikin mai kai magana ne, ya ji nan ya ji can, ya tace zafin kafin ya isar. In ya ƙara gishiri, sunansa mai baki biyu. Sasantawa ita ce kowa ya sassauta, a raba asara. Sulhu, kalmar da muka samu daga Larabci, shi ne na ƙarshe: a shafa fatiha, a koma ciniki da juna. A kasuwannin Masaget da Durbali kuma akwai wanda Larabawan Cadi ke kira damin, wato mai lamuni, wanda ke tsaya wa baƙo in an ce saniyar sata ce ko kuɗi bai cika ba.

Na ga amfanin wannan ina saurayi a Gardole, tun kafin rusau na 2008. Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Wani ya ba abokin cinikinsa shanu bashi kafin nan, an tsallaka da su Kusuri zuwa Gamboru, an sayar da naira a Maiduguri. Mai shanu ya ce kuɗin da aka yanka ba za su mai da masa garkensa ba. Mai saye ya ce magana ɗaya ce, abin da aka yanka shi zai biya.

Maigidanmu ya kwana uku yana zirga-zirga bai haɗa su ba. Sai ya tambayi mai saye nawa ya ci a canji, ya sa ya ƙara rabin wannan riba a kan bashin. Har suka tsufa suna ciniki tare.

To jama'a, kafin a ruga wurin jandarma, a nemi dattijon da ba ya da la'ada a cikin cinikin. Allah ya sa mu dace, amin.