Kafin Ku Ɗaga Bayan Motar Ƙungiya

'Yan'uwa manoma, a zagayen da muka yi bayan kaka mun ga akori-kura na ƙungiyoyi da dama an ɗaga bayansu sama. Mun san dalili. Ruwa ya cinye hanyoyin ƙauye, kuma dole masara ta kai kasuwa. Amma wannan aiki yana da ƙa'ida, idan aka kuskure ta kuwa, rai ne a ciki.

Sifirin na baya fallayen ƙarfe ne da aka jera aka ɗaure. Bakinsa na gaba a kafe yake a jikin mota. Bakin baya yana rataye a gajerun ƙarafa biyu masu lilo, waɗanda makanikai ke kira shakul. Idan kaya ya danne mota, sifirin yakan miƙe ya ƙara tsawo, sai shakul ya matsa baya ya ba shi wuri. Saboda haka idan mota tana tsaye a kan ƙafafunta, ya kamata shakul ya ɗan karkata baya, da sauran filin da zai yi lilo. Idan ya kwanta har yana taɓa jikin mota, sifirin ba ya aiki kuma, duk ramin da aka faɗa ƙarfe ne zai sha dukan har ya tsage.

Waɗansu sukan sa a yanka musu dogon shakul wurin mai walda don ya fi araha. Ribar kaɗan ce. Ƙarin inci 2 a shakul ba ya ɗaga mota sai kamar inci 1, ga shi motar takan riƙa tangaɗi a kwana. Tulun da ke tsakiyar aksul kuwa yana nan inda yake, dutsen da ya buge shi jiya zai buge shi gobe. A ganinmu gara a canja fallayen da suka gaji, a ɓangarorin biyu tare.

Wurin ɗaurewa ne aka fi yin kuskure. Kada a tamke notin shakul mota tana kan jak. A sauke ta ƙasa, a girgiza ta, sa'an nan a tamke, in ba haka ba robar da ke ciki za ta murɗe ta yage. A tabbata kan senta bol ya zauna cikin raminsa a kan aksul, gama shi ke hana mota tafiyar kaguwa. A sa sabbin yu-bol, a sake tamke su bayan 'yan kwanaki ana aiki. A duba robar birki da shokazoba ko tsawonsu ya isa. Mun taɓa ganin motar wata ƙungiya da robar birkinta ta tsinke a bakin rafi, don an ɗaga motar an manta da ita. Mun gode wa Allah ba wanda ya ji rauni.

Ga shugabanni da ma'aji: ƙarin falle ba ya ƙara wa birki ko taya ƙarfi. Motar da aka yi don tan 1, buhun masara 10 masu kilo 100 ne iyakarta, ko buhun taki 20 masu kilo 50. Idan mutane za su hau, sai a rage buhu. Ku rubuta wannan adadi a littafin ƙungiya, direba ya sa hannu.