Sallar uwa a tsakiyar ƙiriniyar yara

Da la'asar, a gidajen Tambuwal da ƙauyukan Kebbe, uwa takan tayar da salla tukunyar tuwo na bisa murhu. Kafin ta kai ruku'u na goye ya fashe da kuka, mai rarrafe ya nufi randa, yayansu kuwa yana jiran ta yi sujada ya ɗare bayanta yana ƙyalƙyala dariya. Wata sai ta sallame ta ɗauko tsumagiya. Wata ta jinkirta sallar har rana ta yi ja, tana neman zanen da fitsarin jariri bai taɓa ba.

Shari'a ba ta ƙuntata mata haka ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Mukhtasar na Khalil, wanda malaman zaure ke karantarwa, ya yi rangwame ga tufafin mai shayarwa muddin tana ƙoƙarin kiyayewa, sai dai an so ta ware zanen salla.

Mai rarrafen ne kaɗai abin fargaba, saboda murhu. Shi kam maigida ya riƙe shi idan ya dawo daga masallaci.