Alexis Helmer: Sojan Igwa da Sunansa a Ƙofar Menin

Gabatarwa

A garin Ypres na ƙasar Beljiyam akwai wata babbar ƙofa da ake kira Ƙofar Menin. An sassaƙa sunayen sojoji fiye da 54,000 a jikin bangonta, dukkansu waɗanda suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya ba a san kaburburansu ba. Wannan takarda za ta ɗauki suna guda daga cikinsu, ta bayyana yadda aka yi ake tunawa da mutumin Kanada a ƙasar da ba tasa ba.

Kafin mu ci gaba, sai ɗalibi ya lura da kalmomi biyu. Igwa ita ce babbar bindiga mai cin dogon zango, sojan igwa kuwa shi ne mai aiki da ita. Sojan sa kai shi ne wanda ya shiga soja don ra'ayin kansa. Kanada ba ta fara tilasta wa mutane shiga soja a wannan yaƙi ba sai a 1917, saboda haka duk wanda ya tafi a 1914 sa kai ya yi.

Rasuwarsa

Laftanar Alexis Helmer na cikin waɗannan 'yan sa kai, a rundunar igwa ta Kanada. A ranar 22 ga Afrilu, 1915, Jamusawa suka kai hari kusa da Ypres da iskar guba, aka shiga gumurzu na makonni. Ranar 2 ga Mayu harsashin igwar Jamusawa ya faɗo a inda Helmer yake, ya mutu nan take yana da shekara 22. Abokan aikinsa suka tattara abin da ya rage na jikinsa, suka naɗe a bargo, suka binne shi.

Limamin Kirista na rundunar ba ya nan a lokacin, sai abokinsa Manjo John McCrae, likitan rundunar, ya jagoranci addu'ar binnewa. Washegari McCrae ya rubuta waƙar nan mai suna "In Flanders Fields", wadda mujallar Punch ta Ingila ta buga a Disamba 1915. Saboda wannan waƙa ne jan furen fofi ya zama alamar tunawa da 'yan mazan jiya a Ingila da Kanada da wasu ƙasashe.

Dalilin rubuta sunansa a bango

Dalilai biyu ne. Na farko, Birtaniya ta yanke shawarar ba za a mayar da gawar soja gida ba, ko hafsa ne ko kurtu. Inda ya faɗi, nan za a binne shi. Na biyu, an ci gaba da luguden wuta a yankin Ypres har 1918, kaburbura da yawa suka ɓace, ciki har da na Helmer. Iyayen irin waɗannan sojoji ba su ga gawa ba, ba su da kabarin da za su ziyarta. Domin su aka gina Ƙofar Menin, aka buɗe ta ranar 24 ga Yuli, 1927.

Tun daga 1928, kowace rana da ƙarfe 8 na dare ana tsayar da motoci a ƙofar, 'yan kwana-kwanan garin su busa begila don girmama mamatan. An daina ne kawai daga 1940 zuwa 1944, lokacin da Jamus ta mamaye garin.

Kammalawa

Hausawa kan ce suna linzami ne. Ga dangin da ba su da kabari, sunan da ke jikin dutse shi ne abin da za su nufa su tsaya a gabansa. Mutanen Ypres kuma sun ɗauki wannan amana ta baƙi, suna cika ta kowane dare har yau.