Kafin Ki Sayi Tsohuwar Sifika, Ki Duba Waɗannan

 A gidaje da yawa akwai tsohuwar rikoda da amfilifaya da aka gada, an lulluɓe su da zane a kan kabad saboda sifikunsu sun mutu. Ga kasusuwan tafsiri, ga na Shata da Barmani Choge jibge a kwali, an rasa abin saurare. Maganin shi ne a nemo musu sifiku irin na zamaninsu wajen masu kayan gwanjo. To amma a nan ake tafka asara, domin in an yi zaɓen tumun dare, sai kuɗi su tafi, amfilifayar ma ta ƙone.

Sifikun shekarun 1970 sun yi suna wajen ƙarko da daɗin sauti. JBL ta Amurka ta fitar da L100 a 1970, Yamaha ta Japan ta fitar da NS-1000M a 1974, Pioneer kuma ta fitar da HPM-100 a 1976. Sai dai kada suna ya ruɗe ki. Abin da ya kai shekara hamsin, lafiyarsa ake dubawa.

Da farko, juya bayan amfilifayarki. Kusa da inda ake ɗaura waya za ki ga lamba, 4 ko 8, tare da wannan alama Ω. Sifika ma tana da tata. Idan amfilifaya ta ce 8, kada a haɗa mata sifika mai 4, domin za ta ja wuta fiye da ƙarfinta, ta yi zafi, har ta iya ƙonewa. Haka kuma in aka haɗa sifika biyu masu 8 a baki ɗaya, sun koma 4 ke nan. Ki ja kunnen yara masu son ƙara sifika ranar suna ko walima.

Na biyu, a cire ragar gaba a duba zoben da ya kewaye bakin babbar sifikar. Idan na soso ne, yakan ruɓe bayan shekara 15 zuwa 20, zafi da laima kuma suna gaggauta hakan. Ki taɓa a hankali. In ya marmashe ko ya manne a yatsa, ya mutu. Ana iya canja shi, amma ki cire kuɗin gyaran daga farashi. Na yadi da na roba sun fi daɗewa.

Na uku, ki buɗe yatsunki ki danna takardar sifikar a hankali, ban da ƙullutun tsakiya. Ya kamata ta shiga ta dawo shiru. In kin ji ƙarar gogayya, to wayar cikinta ta taɓu, ki haƙura da ita. Ki duba ƙasan akwatin ma. Katakon da ya sha ruwa yakan kumbura ya dinga zubar da gari.

Na huɗu, kunne shi ne alƙali. Ko ke za ki je kasuwa, ko maigida, ko ƙaninki, a tafi da kaset ɗin da aka san muryarsa sosai. A kunna ƙasa-ƙasa, a kara kunne a ƙaramar sifikar sama, mai fitar da siririn sauti, domin ita ta fi saurin mutuwa. In ta mutu, za ki ji mai karatu kamar an rufe masa baki da bargo. A gwada dama da hagu, kowace ita kaɗai.

Kada kuma girman akwati ko lambar wat ta dubbai mai ɗauke da haruffan PMPO ta ja hankalinki, ta talla ce. Wadda aka rubuta RMS ita ce abin dogaro, kuma wat 20 zuwa 40 ya ishi falo.

Idan an kawo gida, a haɗa jar waya da jan baki, baƙa da baƙi, a ɗora sifikun a kan ƙaramin teburi saboda ruwan goge ƙasa. A nisanta su da kasusuwa da tsohuwar talabijin mai ƙeya, domin maganaɗisun cikinsu yana ɓata kaset, yana jirkita kalar hoto. Sannan a sassauta murya: da zarar sauti ya fara tsagewa a rage, don lafiyar sifika, da kunnuwan yara, da haƙƙin maƙwabta.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.